Kafin Kiɗa Ya Kankama: Lacca a Kan Ɗumama Hannu ga Mai Koyon Jitar Kilasika

 

An ce in yi magana a kan abin da ya kamata mai koyon jita ya yi a mintunan farko bayan ya buɗe akwati ya ɗauko kayan kiɗansa. Wani zai ce wannan ai bai isa a tara jama'a dominsa ba. Ni kuwa a ganina, in ka nuna mini yadda ɗalibi ke cinye mintuna goma sha biyar na farkon zamansa, zan iya faɗa maka irin sautin da zai fito daga hannunsa nan da shekara biyu.

Bari in fara fayyace jitar da nake nufi, don na san wasunku sun fara ne da mai tsirkiyar ƙarfe, wasu kuma da ta lantarki irin wadda Bombino da sauran samarin Agadas suka shahara da ita. Tamu ita ce mai tsirkiya shida ta nailan, uku zalla, uku kuma an naɗe su da siririn ƙarfe. A zaune ake kaɗa ta, da yatsu huɗu na hannun dama, ba da 'yar robar nan da ake kartar tsirkiya da ita ba. Siffar da take da ita a yau ta samo asali ne daga hannun Antonio de Torres, wani masassaƙi mutumin Almeriya a kudancin Sifaniya, wanda ya rasu a 1892. Nailan ɗin ma baƙo ne. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu Albert Augustine ya ƙera shi a birnin New York bisa ƙarfafawar Andrés Segovia. Kafin nan da hanjin dabba ake yin tsirkai ukun nan masu siririyar murya.

Masu koyo iri biyu nake gani. Akwai wanda da zarar ya zauna sai ya auka wa kiɗan da ya fi ba shi wahala, da iyakar saurinsa, hannu a sandare. Wannan laifinsa a fili yake, kuma gyaransa ba wuya. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na biyu, ɗalibin kirki mai himma, wanda ya ji an ce ɗumama hannu wajibi ne, sai ya mayar da shi fagen gwada ƙwanji. Zai shafe awa guda yana tsere da yatsu sama da ƙasa, idonsa a kan waya ko talabijin, har sai hannu ya yi tsami, sannan ya ce to yanzu ya shirya. Bai shirya ba, ya dai gaji. Abin da ya fi muni, ya shafe awa guda yana koya wa hannunsa matsa tsirkiya da ƙarfin da bai kamata ba, yana kuma koya wa kunnensa yin barci alhali ana kiɗa.

Abin da na zo faɗa ke nan a taƙaice, sauran bayani duk reshe ne. Ɗumama hannu lokaci ne na neman mafi ƙarancin ƙarfin da zai fitar da sauti mai tsabta, a hankali, kunne a buɗe. Duk abin da ya wuce haka ya zama atisayen ƙwarewa, kuma wannan yana da nasa lokacin daga baya.

Me ya sa ma ake ɗumamawa? Ku miƙo hannunku na dama, ku dafa tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, sannan ku motsa yatsu. Kun ji nama yana motsi a ƙarƙashin fata? To, manyan tsokokin da ke naɗe yatsa da miƙe shi a nan suke, ba a cikin yatsan ba. Daga nan wasu jijiyoyi masu kama da igiya suke tafiya har ƙarshen yatsu. Tara daga cikinsu, tare da wata babbar jijiyar saƙo guda, suna bi ta wani matsattsen lungu a wuyan hannu, kowace tana zamewa cikin rigarta da taimakon wani ruwa mai santsi. In hannu ya yi sanyi, ruwan nan kan yi kauri, jini ya ragu a yatsu, saƙon da ke zuwa daga ƙwaƙwalwa ma ya rage gudu. Shi ya sa likitocin da ke auna gudun saƙo a jijiya sukan ɗumama hannun majiyyaci zuwa wajen digiri 32 kafin su auna, don sanyi kaɗai kan ɓata musu sakamako. Duk wanda ya taɓa tayar da tsohon babur da asubar hunturu ya san ba a buga shi a ja da gudu nan take, sai an bar shi ya ɗan yi gunji mai ya zagaya.

Saboda haka matakin farko ba ya buƙatar jita sam. Tashi tsaye, ka juya kafaɗu, ka kaɗa hannuwa, ka dunƙule ka buɗe a hankali, ka ɗan zagaya ɗaki har jini ya motsa. In da sanyi, ka tsoma hannu cikin ruwan ɗumi na 'yan mintuna. Glenn Gould, shahararren makaɗin fiyano na Kanada, an san shi da jiƙa hannuwansa cikin ruwan zafi kafin ya zauna ɗaukar kiɗa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kama yatsa da ɗaya hannun a tanƙwara shi baya da ƙarfi tun yana sanyi. Irin wannan miƙewa, in ma za a yi ta, bayan an gama kiɗa ne, kuma da sassauci.

Tunda na ambaci hunturu, bari in ɗan ratse. Yawancin littattafan koyon jita a ƙasashen da ke da laima aka rubuta su, ba su san bushewar iskarmu ba. Masu ƙera jita suna son damshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa a Kano ko Damagaram cikin Janairu yakan faɗo ƙasa da kashi 20. Fuskar jita katako ne da kaurinsa bai kai milimita uku ba, kuma tsirkai shida suna jan ta da nauyin da ya kai wajen kilo 40. A irin wannan yanayi ne take tsagewa. Ku ajiye ta cikin akwati tare da ɗan soso mai laima a cikin robar da aka huda, kada ku jingine ta a bango. Farce ma haka yake bushewa ya karye, don haka a riƙa shafa masa mai da dare.

To, ka zauna. Jita a cinyar hagu, ƙafar hagu a kan ɗan matashin ƙafa, ko kuwa ka sa irin abin tokarar nan da ke ɗaga jitar ya bar ƙafafu biyu a ƙasa, wanda ni na fi so wa mai ciwon baya. Matsalar zama tsohuwa ce, har makaɗin jita Dionisio Aguado ya taɓa ƙera wani abu mai ƙafa uku a shekarun 1830 don ya riƙe masa jitar gaba ɗaya. Ka daidaita tsirkai, kuma ka sani cewa za ka sake daidaitawa bayan mintuna goma, domin nailan yana da wata ɗabi'a: in ya ji ɗumin hannu da na jiki, muryarsa takan ɗan hau.

Yanzu hannun dama shi kaɗai, hagu na hutawa a cinya. A littattafai za ku ga haruffa huɗu: p na babban yatsa, i na manuni, m na tsakiya, a na yatsan zobe. Ɗora i a kan tsirkiya ta uku, ka ji wurin da nama da farce suka haɗu suka kama ta, ka ɗan tura ta ciki wajen fuskar jita, sannan ka saki. Kada ka yi gaggawar sauti na biyu. Saurari na farkon har ya mutu. Yana da kauri ko siriri ne? Akwai ƙarar karta a farkonsa? In akwai, farce ne ke neman gyara, kuma gara ka tsaya ka goge shi da lallausar takardar yashi yanzu da ka shafe awa biyu kana jin haushin sautinka. Sai m, sai a, sai ka nemi su ukun su yi murya ɗaya har wanda ke bayan ƙofa ya kasa gane wane yatsa ne ya taɓa. Yi haka da bugun da yatsa ke sauka ya jingina da tsirkiyar da ke kusa, wanda malamai ke kira apoyando, ka kuma yi da bugun da yatsa ke wucewa ta sama zuwa tafin hannu, wato tirando. Bayan kowane bugu, ka tabbata yatsan ya saki jiki ya dawo da kansa, ba kai ka fizgo shi ba. Wannan sakin shi ne rabin kiɗa, kuma shi ne abin da mai sauri ba ya taɓa lura da shi.

Zancen farce kuwa, kada ku ɗauka an taɓa gama shi. Fernando Sor da nama yake kaɗawa, Aguado da farce, alhali abokai ne da suka zauna a masauki ɗaya a Faris, har Sor ya tsara musu kiɗan jita biyu. Francisco Tárrega ma a ƙarshen rayuwarsa ya yanke farcensa. A yau kusan kowa da farce yake kiɗa, amma darasin yana nan: sauti ake fara nema, sauran abubuwa su biyo.

Hannun hagu. Yatsunsa lamba ake ba su, 1 zuwa 4, daga manuni zuwa ƙaramin yatsa. Ga atisayen da na fi ɗauka da muhimmanci a duk laccar nan, kuma minti biyu ya ishe shi. Ɗora yatsa na 1 a kan tsirkiya, dab da bayan ɗan ƙarfen da aka gitta a wuyan jita, a wajen gida na biyar ko na bakwai inda gidajen, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan, ba su da faɗi. Kada ka danna, ka taɓa kawai. Buga da dama, za ka ji sauti a toshe. Ƙara nauyi kaɗan-kaɗan kana bugawa, har tsirkiya ta fara zizar nan mai ban haushi. Ƙara ɗan ƙiris, sai sauti ya washe. Tsaya nan. Wannan shi ne iyakar ƙarfin da ake bukata, kuma yawancin ɗalibai in suka gwada sukan tarar sun saba danna ninkinsa. Duk abin da ya ɗoru a kan wannan asara ce, ba ya ƙara wa sauti komai sai gajiya da jinkiri. Yi wa kowane yatsa haka, ka kuma lura da babban yatsan da ke bayan wuyan jita, don shi ne ɓarawon da ke matsewa a ɓoye.

Daga nan sai tafiyar yatsu, 1, 2, 3, 4 a tsirkiya guda, a haura ta gaba, sannan a sauya jeri, 1, 3, 2, 4 da makamantansu. Ku fara daga tsakiyar wuya ku gangaro wajen kai, kada ku fara daga gida na ɗaya inda tazara ta fi yawa. Za ku ga yatsa na 3 yana da taurin kai, ba ya son tashi sai ya ja maƙwabtansa. Halittarsa ce, jijiyoyin da ke bayan hannu a sarƙe suke da na kusa da shi. Lallashinsa ake yi, ba a yi masa dole. Abel Carlevaro, babban malamin nan na Montebidiyo a ƙasar Yurugwai da ya rasu a 2001, ya gina koyarwarsa a kan cewa hannu gaba ɗaya, tun daga kafaɗa, shi ke kai yatsa inda za shi, ba yatsa ke miƙa wuya shi kaɗai ba. Ya kuma nace a ɗaga yatsu daga tsirkiya kafin a sauya wuri, abin da ke kashe ƙarar shuuu ɗin nan da ke ɓata kiɗan masu koyo.

Yanzu mun iso wurin da nake so mu ɗan daɗe. A 1812, a birnin Biyana, wani Ba'italiye mai suna Mauro Giuliani ya buga littafinsa na koyon jita. Kashi na farko atisaye 120 ne na hannun dama. Abin sha'awa shi ne, daga na ɗaya har na ƙarshe hannun hagu haɗin sauti biyu kacal yake riƙewa, C da G7, yana kai da komo tsakaninsu. Ya sauƙaƙa wa hagu ne da gangan don hankalinka duka ya koma kan dama, kan yadda p, i, m da a ke karɓa-karɓa wajen warware haɗin sauti ɗaya bayan ɗaya. Fiye da shekara ɗari biyu ke nan, kuma har yau da wuya ka sami makarantar jita da ba ta amfani da su. Af, Giuliani ɗin nan yana cikin makaɗan da suka fara gabatar da simfoni na bakwai na Beethoven a Disambar 1813, kuma wanda ya shirya taron shi ne Johann Maelzel, mutumin da bayan shekara biyu ya yi rajistar metronom, na'urar nan mai ƙidaya bugu da yanzu kowa ke da ita a wayarsa.

Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki ɗari da ashirin ɗin a matsayin bashin da dole a biya kullum. A'a. Zaɓi uku ko huɗu, ka zauna da su mako guda, sannan ka sauya. Sa metronom a bugu 60 a minti, ko ƙasa da haka in ta kama. Da farko ka riƙa ɗora kowane yatsa a kan tsirkiyarsa kafin lokacin bugunsa ya yi, yadda ba zai faɗo mata daga sama kamar shaho ba. Scott Tennant, wanda ya taɓa kasancewa cikin wata ƙungiyar makaɗan jita huɗu ta Los Angeles, ya ba wannan dabara muhimmanci ƙwarai a littafinsa Pumping Nylon na 1995, inda ya ware shafuka musamman don ɗumama hannu na kullum. In tafiyar ta daidaita, sai ka fara wasa da ita. Ka fito da muryar a sama da sauran, sannan ta m, sannan ka sa babban yatsa ya yi ƙasa-ƙasa, domin shi mai son danne kowa ne. Ka matsa kusa da jaki, wato ɗan katakon da tsirkai ke hawa, ka ji sauti ya yi kaifi, ka dawo saitin rami ka ji ya yi taushi. Atisaye ɗaya tak aka juya shi haka, ya fi ashirin da aka bi da gudu. Ga waɗanda suka yi nisa, darasi na farko cikin goma sha biyun da Heitor Villa-Lobos na Birazil ya rubuta a Faris a ƙarshen shekarun 1920 yana yin irin wannan aiki, tunda kusan duk tsawonsa salon yatsu ɗaya ne a dama. Amma a rabin saurinsa, in dai ɗumi ake nema.

Atisayen sautin da hagu ke fitarwa shi kaɗai, ta hanyar sauke yatsa kamar guduma ko fizge shi daga tsirkiya, yana da amfani, sai dai yana cin ƙarfi. Minti ɗaya ko biyu, a huta. Shimfiɗa yatsa na 1 ya danne tsirkai shida gaba ɗaya, da buɗe yatsu zuwa gidaje masu nisa, waɗannan ba na farkon zama ba ne sam. A bar su sai hannu ya yi laushi.

Sai matakalar sauti, do, re, mi har sama a dawo. A 1953 aka buga ɗan littafin Segovia mai ɗauke da matakalai 24, tare da hanyoyi bakwai na karɓa-karɓar yatsun dama, kuma a gabatarwarsa ya ba ɗalibi shawarar awa biyu kullum a kansu. Segovia gagara-badau ne, shi ya fitar da jita daga ɗakunan shan shayi ya kai ta manyan zaurukan duniya, kuma ya yi ta kiɗa a bainar jama'a har ya haura shekara casa'in. Duk da haka ba zan ce wa ɗalibin da ke da awa ɗaya da rabi a yini, bayan makaranta ko kasuwa, ya bi wannan shawara ba. Matakala biyu sun isa ɗumi, ɗaya gajera, ɗaya mai sauya wuri a wuyan jita. Abin nema a nan shi ne hannu biyu su sauka a lokaci guda, kada hagu ya riga dama ko dama ta riga hagu, sauti ya manne da sauti ba giɓi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma a matakala ne za ka ga gaskiyar maganar ƙiri-ƙiri.

Ka rufe da ɗan gajeren kiɗa mai sauƙi da ka riga ka iya, cikin darussan Sor, ko na Matteo Carcassi, ko ƙananan darussan Leo Brouwer na Kyuba. Ka kaɗa shi kamar akwai mai sauraro. Duka-duka mintuna goma sha biyar zuwa ashirin ke nan. Ranar da lokaci ya ƙure, biyar ma sun yi, in dai an yi bugun hannun dama shi kaɗai da gwajin dannawar nan. Ranar hawa dandamali kuwa, kada ka ƙirƙiro sabon abu a bayan fage, kada kuma ka yi ta maimaita wurin da ke ba ka tsoro da gudu. Yi abin da hannunka ya saba da shi kowace safiya, shi zai kwantar maka da gaba.

Saura magana mai nauyi. A wani bincike da aka buga a Amurka a 1988, wanda ya shafi makaɗan manyan ƙungiyoyi fiye da 2,000, kashi 76 cikin ɗari sun ce sun yi fama da wata larura mai tsanani da ta taɓa aikinsu. Akwai kuma wata cuta da ake kira distoniya, wadda ke kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa, kamar yadda binciken Farfesa Eckart Altenmüller na birnin Hanoba a Jamus ya nuna. Ba ta zuwa da zafi. Yatsa ne kawai zai fara naɗewa cikin tafin hannu da kansa duk lokacin da aka zo kiɗa, kuma matsalar a ƙwaƙwalwa take, ba a yatsan ba. A wurin masu jita ta fi kama hannun dama, ta kuma fi samun masu naci, masu maimaita motsi ɗaya dubban sau cikin matsi da son kai wa maƙura. David Leisner, makaɗin jita Ba'amurke, ta kama shi a 1984, ya shafe wajen shekara goma sha biyu kafin ya dawo daidai, bayan ya sake koyon bugu da manyan tsokokin hannu da kafaɗa. Ba na ce ɗumama hannu rigakafin wannan cuta ne ba. Abin da nake cewa shi ne, ɗumin da aka mayar da shi tseren yatsu ba tare da hankali ba yana kama da hanyar da ke kai mutum can.

Don haka ina roƙon malaman da ke nan, ku daina tambayar ɗalibi ko ya ɗumama hannu a gida. Ku ce ya yi a gabanku, a mintuna biyar na farkon darasi, ku dubi kafaɗarsa, da muƙamuƙinsa, da babban yatsansa na hagu. Ku kuma ɗalibai, gajiyar tsoka daban, zafi daban. In kun ji zafi mai suka, ko yatsu suna dindiris, ko wani yatsa ya fara ƙin bin umarni, ku ajiye jitar a ranar, ku faɗa wa malaminku, in abin ya wuce 'yan kwanaki ku je asibiti a duba.

 Mai tambaya ya ɗaga hannu, wanda kuma ya zo da jitarsa ya matso gaba mu gwada dannawar nan tare.